Tudun da Na Sauke Bature

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta su. Amma kwana ukun da na yi a dajin arewa da Goronyo tare da Baturen daji, ba za su fita daga kaina ba har ranar da za a sa ni a rami.

Zamanin En'e ne. Ni mai jakai ne, mutumin Tursa. Albasa nake ɗauka daga Wurno in yi arewa da ita, in komo da kanwa da gishiri. Hanyar tana ratsa wani daji da ba mai son shigarsa da bazara. Rairayi ne da sabara da geza da ƙaya, iyakar ganinka. Ruwa guda ne a cikinsa: wata rijiya a kwari, ƙarƙashin gawo uku, ta wasu Fulani da suka gaje ta daga kakanninsu. Ba a kan hanya take ba. In ba ka san ta ba, sai ka mutu da ƙishirwa tana bayan tudun da ka faɗi.

Ni na san ta, don a bayan tudun na faɗi. Shekarar da aka yi yunwa, mu shida muka bar gida, ni kaɗai na kai kusa da kwarin, ina jan ciki. Wata Bafulatana ce ta tsince ni. Da ludayi ta riƙa ɗiga min ruwa a baki, in na kai hannu zan fizge ƙwaryar ta buge hannun. Kwana biyar na yi a bukkarta. Ba ta tambaye ni sunana ba, Kaɗo kawai take ce min, ni kuma in ce mata Inna. Tun daga ranar, duk fatauci sai na ratsa na ajiye mata kanwa.

Wata safiya dogari ya same ni a kasuwar Goronyo ina ɗaure mangala. Ya ce an ce babu wanda ya san dajin kamar ni, saboda haka zan yi wa Baturen daji ja-gora. Ya zo shata iyakar gandun daji. Ba tambayata dogarin ya yi ba, faɗa min ya yi. Na kwance kayan na bi shi.

Ni kuwa na riga na ga irin wannan aiki a wajen Rabah, kuma na lura da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Inda Bature ya kafa laimarsa ya kwana, nan ake fara kafa turken siminti. Daga nan ake auna sauran. Bayan damina sai a gina bariki a wurin, a ajiye malamin daji. In akwai ruwa kusa, ya zama ruwan bariki. Ba kiwo, ba sara, ba shayar da dabba. Saboda haka da aka ce ni zan zaɓi masauki, na san ba wurin kwana kawai zan zaɓa ba. In na sauke shi gindin gawon nan, rijiyar Inna ta tafi, kuma da hannuna na miƙa ta.

Mu huɗu ne a tafiyar, ban da 'yan dako. Akwai Baturen, dogo, jan wuya, ba ya magana sai ya dubi takarda. Akwai kukunsa, mutumin birni, mai yawan ƙorafi. Sai tafinta, wani malami ɗan gajere mai farar riga da tabarau, Hausarsa irin ta gabas. Tun ganin farko ban yarda da shi ba. Mutumin da ke da harshe biyu a baki, kai kana jin guda, yaya za ka san abin da ɗayan yake yi da kai?

Mun yada zango a ƙauyen ƙarshe, bakin dajin. Mai garin na san shi shekara da shekaru. Bai taɓa ba ni ko ruwan alwala ba. Ranar ya yanka rago, aka kawo fura da zuma, har da tabarma sabuwa aka shimfiɗa min. Na ci naman, amma ina ci ina dubansa.

Abu na farko da ya tsaya min a rai shi ne, da Bature ya ce ko zai yi zamansa a zauren mai gari ya riƙa shiga dajin yana fitowa, sai mai gari ya kama kushe gidansa da bakinsa. Ya ce zauren kuɗin cizo sun cika shi, ya ce rijiyar garin ta yi ƙasa, ya ce jakai na hana barci. Ban taɓa jin mai gida ya zagi zaurensa gaban baƙo ba sai ranar.

Bayan la'asar ya aiko aka kira ni bayan rumbu.

"Mai jakai, ɗan'uwa, matso. Ka ƙoshi?"

"Na ƙoshi, ranka shi daɗe."

"Ina za ka sauke baƙon namu gobe?"

"Inda Allah ya nuna min."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Allah ya riga ya nuna maka. Gawo uku, ga inuwa, ga ruwa mai sanyi. Babban mutum awa wanga, ina za a kai shi in ba can ba? Kai shi can, ka huta, mu huta."

"Ku huta da mi, ranka shi daɗe?"

Ya sauke hannunsa. "Kai dai ka cika tambaya. Yi abin da anka ce maka."

Ban buƙaci ya ba ni amsa ba. Ya yi sababbin gonaki a bakin dajin, yana tsoron turke ya hau kansu. Kuma shanun Fulanin kwarin sukan shigar masa gero. In Bature ya kwana a rijiya, turke ya yi nisa da gonarsa, Fulani kuma an kore su. Da na fito daga bayan rumbun, na tarar ana ɗaure kaji biyu da goran zuma a kan kayan tafinta. Ya ga na gani. Ya gyara tabarau ya dubi wani wuri. Na ce a raina, to, an sayi wannan.

Da safe Bature ya shimfiɗa taswira a kan akwati, ya sa aka kira ni. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, akwai ruwa a cikin dajin?"

Na ce, "Akwai wata tsohuwar rijiya, ta rushe. Abin da ya rage kwatami na, kurkunu ya cika shi."

Na ɗaga wandona na nuna masa tabon idon sawuna. Tabon kurkunu ne da gaske, amma a wani tafki can kudu na samo shi. Bature ya duƙa ya duba, ya yamutsa fuska.

Tafinta ya ce min a hankali, "Mai gari ba haka ya ce ba."

"Mai gari ya taɓa shiga dajin ga? Iyakarsa bakin gonarsa."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya juya ya yi Turanci. Ban san abin da ya faɗa ba. Na dai ga Bature ya naɗe taswira, aka ce in cika salkuna. Na ce a bar dokin Bature a ƙauye don ruwa ba zai ishe shi ba, aka bari.

Salka huɗu na ɗora wa jakaina biyu. Na yi lissafin mutum huɗu, kwana uku, har 'yan dako su komo da wani ruwan ran na huɗu da yamma. Da irinmu ne, da ya isa har ya yi saura.

Wuni guda muka yi muna tafiya. Na bi da su ta yamma, na kauce wa kwarin, na kai su wani tudun rairayi mai aduwa guda a kansa. Ba inuwar kirki, ba ciyawa, ƙarangiya ce kawai. Rijiyar tana gabas da mu, tafiyar da ba ta kai tsakanin azahar da la'asar ba, amma tuddai biyu sun tare ta.

Kuku ya ajiye tukunya ya dubi wurin. "Nan? Nan ka ga ya dace? Ko kura ba ta kwana nan."

"Kura ba ta da taswira," na ce. "Daga nan ana ganin ko'ina. Ba sauro, ba maciji."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ta ci Bature. Ya hau kan tudun ya sa madubin hangen nesa, ya juya gabas da yamma, ya gyaɗa kai. Bai ga komai ba. Aka kafa laima, 'yan dako suka juya gida da sauran rana.

Kuskurena na farko ya fito kafin magariba. Na ga kuku ya shimfiɗa wani baho na tamfol bayan laima, ya kwance bakin salka yana tuttulawa.

"Kai! Mi kaka yi?"

"Ruwan wanka."

"Wanka? Cikin dajin ga?"

"Kullum yake yi. Ko a bakin kabari ne sai ya yi."

Na tsaya ina jin ruwan yana zuba, kamar jinina ne. Ban taɓa zama da Bature ba. Ban san akwai mutumin da zai shiga dajin ƙishirwa ya zauna cikin ruwan sha ba. Da ya gama na hana a zubar, na ba jakai suka sha da sabulun da komai. Na je wurin tafinta na ce ya gaya masa ruwa ba zai kai ba in ana haka.

Ya ce, "Kai ka ce babu ruwa a dajin. Kai kuma ka auno wannan. In na gaya masa yanzu, zai tambaye ni dalilin da ya sa ka kawo shi nan. Kana da amsa?"

Na koma gindin aduwa na zauna. Na ce a raina, so yake ruwa ya ƙare, in kai su rijiya da ƙafata.

Rana ta biyu muka wuni muna yawo. Bature yana auna ƙasa, yana sa alamar fenti a jikin itace, yana rubutu. Duk lokacin da ya nufi gabas sai in ce can ramukan kura ne, ko in ce rairayin yana nutsar da ƙafa. Tafinta yana fassarawa yana kallona. Ni ma ina kallonsa. In ya yi magana mai tsawo da Bature, sai in ƙirga a raina: ni kalma biyar na faɗa, shi ya faɗi ashirin, ina sauran suka fito? Da yamma aka sake wanka. Salka biyu suka rage. Na rataye su da hannuna a reshen aduwa.

Ran na uku da hantsi na je dubawa. Salka guda tana rataye, rabi. Ɗayar tana ƙasa gindin itacen, a lotse, rairayin ƙarƙashinta ya yi duhu. Babu ko ɗigo a ciki.

Ban yi tunani ba. Tafinta yana zaune yana goge tabarau, na cakumi wuyan rigarsa na ɗaga shi. Rigar ta yage har ƙirji.

"Kai ka huda ta! Kaji biyu anka saye ka da su, munafuki!"

"Sake ni, mahaukaci! Ni ba zan sha ruwan ba ne?"

Kuku ne ya shiga tsakaninmu. Ya ce shi ya sauke ta jiya, don ya rataye sauran naman rago a reshen kada tururuwa ta hau. Ya ce ai a inuwa ya ajiye ta, me ya yi? Na saki tafinta, na juya salkar. Gara ce. Ta yi gini a ƙarƙashi, ta cinye fatar kamar rariya. Duk wanda ya taɓa bin jaki ya san ba a kwantar da salka a ƙasa. Mutumin birni, da ya saba da randa, ina zai sani?

Na ga garar da idona. Amma ban ba tafinta haƙuri ba. Abin da na ce a raina shi ne, wa ya sani ko shi ya sa kuku ya sauke ta? Haka zuciyata take a lokacin. Ko an nuna mata gaskiya sai ta leƙa bayanta.

Bature ya fito ya ga abin da ya faru. Ya ce aikin saura kaɗan, zai ƙarasa kafin rana ta yi tsaka, a yi tattalin abin da ya rage. Na ce kada ya fita. Bai ji ba. Muka fita, rana ta buɗe mana wuta. Kafin azahar ya fara tangaɗi, ya daina zufa, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ni da tafinta muka riƙo shi zuwa laima. Kuku ya jiƙa tsumma ya ɗora masa, ya ba shi ya sha, ya amayar. Aka sake ba shi. Kafin mu farga rabin salkar nan ta tafi.

'Yan dako sai gobe da yamma. Ƙauye wuni guda ne zuwa, wuni guda dawowa. Na san yadda ƙishirwa ke kashe mutum, na ga ta kashe biyar. Wannan ba zai kai gobe ba. In kuwa Bature ya mutu a masaukin da na zaɓa, igiya ce a wuyana, ba sai an gaya min ba.

Dabara guda ta rage. Na ɗauki salkar da ta rage na nufi jaki. Niyyata in zagaya ta bayan tudu, in je rijiya in ɗebo, in ce a wurin wasu matafiya na samu. Tafinta ya sha gabana, da yagaggiyar rigarsa.

"Ina za ka?"

"Neman ruwa."

"A ina? Ka ce babu."

"Ko Allah shi sa in gamu da wani."

"To mu tafi tare."

"Ni ɗai za ni."

"Ba ka isa ba. Ka kawo mu inda ba mu san gabas ba, yanzu ka ga zai mutu za ka gudu ka bar mu. Ko mu je tare, ko ka zauna."

Kuku ya kama igiyar jakin ya naɗe a hannunsa. Na koma na zauna. In na tafi da tafinta, ya ga rijiya. In na zauna, mutum ya mutu, ni ma na bi shi. Muna zaune muna fuskantar juna, leɓunanmu sun tsage, daga cikin laima ana jin nishi. Na ba kaina zuwa la'asar. Abin da zan yi in la'asar ta yi, wallahi har yau ban sani ba. Ba zan yi ƙaryar cewa na sani ba.

Jakaina ne suka fara ɗaga kunne. Sai ga takarkari ya ɓullo ta kan tudun gabas, da salka biyu a bayansa suna ɗiga. Wata tsohuwa tana jan sa, da ƙwarya a kanta. Inna ce.

Na tashi da gudu na tare ta kafin ta iso. "Inna, koma! Mi ya kawo ki? Kin san ko wane na cikin laimar can?"

"Na sani, Kaɗo. Kwana uku muna ganin hayaƙinku. Ɗiyana sun ce in bar ku."

"Gaskiya sunka faɗa. In ya ga ruwan ga, rijiyarku ta tahi. Don ita na kawo shi nan!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da na tsinta, na tambaye ka ko kai wane na? Kauce min."

Ta ture ni da sandarta ta wuce. Na bi ta ina jin kamar in yi kuka don haushi. Kwana uku ina ƙarya, ina shan rana, ga tsohuwa ta zo ta rushe komai da ƙwarya guda.

Ta durƙusa a bakin laima, ta fitar da ludayi. Yadda ta yi min, haka ta yi masa. Ɗigo, ɗigo. Da ya kai hannu zai fizge ƙwaryar, ta buge hannun. Kuku ya zaro ido, bai taɓa ganin an bugi Bature ba. Muka jiƙa masa jiki, muka sha mu ma. Tafinta ya sha ƙwarya guda bai sauke ba, ruwan yana bin haɓarsa.

Wajen la'asar sakaliya Bature ya dawo hayyacinsa. Ya sa aka jingina shi a bakin laima. Ya dubi tsohuwa, ya dubi salkunan, ya dube ni. Sannan ya yi magana. Ban ji Turanci ba, amma wannan tambayar ko jaki ya san ta.

Tafinta ya ce, "Inna, yana tambaya daga ina ruwan nan?"

Ta nuna gabas da haɓa. "Rijiyarmu. Ga ta nan bayan tudu."

Shi ke nan, na ce. Na dubi ƙasa. A nan ne idona ya sauka kan ƙafafun takarkarin. Baƙar laka ta bushe a kansu har gwiwa. Babu baƙar laka a dajin nan sai a bakin rijiya.

Tafinta ya fara Turanci. Ya daɗe yana yi. Yana nuna kudu da hannu, yana nuna arewa. Yana magana yana takawa a hankali, har ya tsaya tsakanin Bature da takarkarin, ya buɗe yagaggiyar rigarsa kamar mai shan iska. Bature ya yi wata tambaya, ya amsa. Ya sake yi, ya amsa. Ni ina tsaye kamar turke, ana sayar da ni ko ana fansata, ban sani ba. Daga ƙarshe Bature ya rufe ido ya kwanta.

Tafinta ya juyo ya ce wa tsohuwa, "Ya gode. Ki ja sanki ki tafi yanzu, Inna. Ki bi ta kudu tukuna." Ban tambaye shi abin da ya gaya wa Bature ba. Na ɗauka ya gama da ni, yana jira mu isa gari ne a kama ni.

Washegari 'yan dako suka iso, muka komo. A Goronyo aka sallame ni, ba wanda ya ce min uffan. Ban yarda ba. Wata uku ina kwana da takalmina kusa, duk jan rawanin dogari da na hango a kasuwa sai in bi ta bayan rumfuna. Ban je kwarin ba, don kada a bi sawuna.

Bayan damina na kasa haƙuri, na kora jakai na shiga dajin. A kan tudun, gindin aduwa, na tarar da turken siminti. Na bi layin fentin da ƙafa. Ya yi yamma, ya yi kudu, har ya gutsuri gonakin mai gari na bakin daji. Ta gabas kuwa, a tudu na farko ya tsaya. Na haura na biyu. Ga gawo uku, ga shanu, ga guga tana sauka tana hawa. Inna tana zaune tana burga nono. Ta ce, "Kaɗo, ina kanwata?" Iyakar abin da ta ce ke nan.

An gina barikin a kan tudun kuwa. Ɗaki biyu da rumfa. Ba malamin dajin da ya taɓa yin wata guda a ciki, don ba ruwa. Gara ta cinye rufin.

Shekaru sun wuce kafin in sake ganin tafinta. A kasuwar Wurno ne, ina sauke albasa. Ya yi furfura, ya bar aiki, amma tabaran na nan. Shi ya fara gane ni.

"Mai yaga riga! Kana raye?"

Muka gaisa. Na ja shi gefe, na yi tambayar da ta daɗe tana cina. "Malam, ran nan, mi ka gaya mishi?"

"Na ce Fulani ne masu ƙaura zuwa gulbi, ruwan guzurinsu ne suka ɗebo tun daga ƙauye. Na ce rijiyar da tsohuwar take nufi ita ce rusasshiyar da ka faɗa, tana gargaɗinmu kada mu sha."

"Ka san ƙarya nika yi?"

"Tun ranar farko. Jakanka duk inda ka ɗaure su, hancinsu gabas yake."

"To don mi ka hana ni tahiya ɗebo ruwa?"

"Don na zaci gudu za ka yi. Ka taɓa duba fuskarka? Ba irin wadda ake bar wa rai ba ce."

"Kajin mai gari fa?"

Ya yi dariya har da tari. "Na cinye su. Niyyata kuwa in yi masa aikinsa, ba zan ɓoye maka ba. Ina jiran ruwa ya ƙare ne ka faɗa da bakinka. Sai tsohuwar nan ta zo, ta san abin da za ta rasa, ta miƙo min ƙwarya. Na sha. Da na buɗe baki zan fassara, sai maganar ta ƙi fita yadda take."

Ashe zargina bai yi ƙarya ba, kuma bai faɗi gaskiya duka ba. Bakina bai iya ban haƙuri ba, har yau. Na cika masa buhu da albasa, na sa aka kai masa gida. Ya ce ta rigar ce? Na ce ta rigar ce.

Ban daina zargin mutane ba. Shi ya raya ni, kuma shi ya nuna min cikin mai gari. Amma na gane iyakarsa. Ni da ƙaryata da dabarata, abin da muka iya shi ne kai mutum bakin mutuwa, ni ma in tsaya kusa da shi. Wadda ta tsare rijiyar ita ce wadda ta ɗebo ruwanta ta kai wa mai zuwa ƙwace ta. Tun daga ranar, in na zargi mutum ina riƙe zargina a ciki, ba na kama wuyan rigarsa. Ina jira in ga abin da zai yi bayan ya sha ruwa.